Wankan da Na Yi Alkawari

Shekara biyar ke nan da aka cire min mama na hagu, kuma har yau in na ce na gaji sai a ce min in gode wa Allah. Na gode masa, ina kan gode masa, amma gajiyar tana nan inda take. Likita ya ce ciwon dajin ba a ganinsa a hoto yanzu. Abin da hoton bai nuna masa ba shi ne hannuna na hagu, wanda tun bayan aikin yake kumbura ya yi nauyi, wata rana ko buta ba ya ɗagawa. Tuƙa tuwo na bar wa 'yata. Tsayuwa gaban allo ma ta gagare ni, dole na ajiye koyarwar da na daɗe ina yi a wata firamare wajen Ƙofar Na'isa, sai sunan Malama da ya bi ni gida.

A unguwarmu Zaitawa, in ka cire maigidana da 'yata, babu wanda ya san abin da aka yi min. An san na yi doguwar jinya, an zo dubiya da lemo da ayaba, an tafi da labarin ciwon ciki. Kullum da safe nakan naɗe tsumma mai laushi in cusa a rigar mama, hijabi ya rufe sauran. Ba don ina jin kunyar hukuncin Allah ba ne. Na dai san mutanena. Da zarar an ji kalmar daji sai a fara yi miki kallon gawa tun kina cin abinci, mace mai mama ɗaya kuwa ta zama abin hira a kowane gidan biki har ta mutu.

A bencin asibiti na haɗu da matar da ta zame min ƙawa, ranar da za a ƙara mana ruwan nan da suke kira kemo. Doguwa ce, ta girme ni da 'yan shekaru, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kada wani ya gane ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, ke ma olsar ce ta kawo ki?"

Rabona da dariya na manta, ranar na yi. 'Yar Madabo ce, asalin gidansu Barebari ne da suka daɗe a birni, sana'arta turaren wuta da humra. Da ta ji kakata Bafulatana ce sai ta miƙo min jakarta ta ce, "Ashe baiwata na samu, riƙe min nan." Daga ranar nake kiranta Yaya. Nata na dama aka cire, takan ce in aka haɗa mu biyu za a sami mace guda cikakkiya. Maganin ya hana ta jure ƙamshi, matar da ta rayu cikin hayaƙin turare ta koma in maƙwabta suka kunna sai ta yi amai. Tare gashinmu ya zube, tare ya fito. Ita kuwa mijinta kaɗai ya sani, don ba ta taɓa haihuwa ba, kuma gidan da take zaune gidan gado ne cike da dangin miji.

Nawa ya tafi, nata ya dawo a shekara ta uku, ya shiga ƙashin baya. Ban san dalili ba, kuma na gaji da masu ce min kowa da kwanansa, kamar ban sani ba. Nakan je Madabo duk sati in jikina ya yarda. Wata rana da hantsi na same ta kwance a kan katifa a ƙasa, ta sa na tura ƙofa.

"Malama, abu ɗaya nake so a wajenki. In na mutu ke za ki wanke ni."

Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce in bar ta, ita ta san jikinta.

"Yaya, ni ban taɓa wanke gawa ba."

"Sai ki koya a kaina."

"Ai mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani. Haramun ne."

"Gulma ma haramun ce, an daina?" Ta ɗan huta, numfashi yana yi mata wuya. "Da kunnena na ji a wajen zaman makoki ana cewa, ai da aka zo wankan wance sai aka ga kaza. Yayar maigidan nan kin san bakinta. Shekara uku ina ɓoyewa, ina wanka da ƙofa a kulle, ba na so a ranar da ba zan iya rufe jikina ba a buɗe ni a gabanta. Kada idon kowa ya gani sai naki."

Na ce na ɗauka. Ta sa aka kira mijinta daga soro ta maimaita a gabansa, ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. A hanyar gida na yi ta jin haushinta, ban ɓoye wa kaina ba. Ni da nake fama da kaina, an ɗora min wani. Amma alkawari kaya ne, na riga na ɗauka. Na je wajen malamarmu ta Islamiyya na ce ta koya min wankan gawa don neman lada, ta koya min da filo a tsakar ɗakinta: alwala, kai, ɓangaren dama, ɓangaren hagu, ruwan magarya, na ƙarshe da kafur. Na haddace tsaf. Abin da ban yi tunani ba shi ne filo ba shi da nauyi.

Ta rasu ranar wata Talata da safe. Mijinta ya kira ni a waya, ya ce bayan azahar za a kai ta, in yi sauri. Ranar tana cikin ranakun da jikina yake ƙin tashi, hannun ya kumbura har yatsu. Adaidaita ya sauke ni a bakin lungu don ba ya shiga, sauran na taka da ƙafa, sau biyu ina zama a dakalin mutane ina haki. Ban yi kuka a hanya ba. Tsoron kada a riga ni ya fi ƙarfin kukan.

Maza sun cika soro, an jingina makara da bango. A tsakar gida na tarar an riga an tara ruwa a bokitai an kirɓa ganyen magarya. Wata tsohuwa siririya tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana yanka likkafani, ita ce mai wankan mata a unguwar, kowa Inna yake ce mata. Yayar mijin kuwa ta ɗaure zani ta tuɓe mayafi, tana bakin ƙofar ɗakin tana ba da umarni.

Na gaishe su, na yi ta'aziyya, sannan na ce marigayiya ta bar wasiyya ni zan wanke ta.

Yayar mijin ta dube ni. "Ke a wa? Dangi sun ƙare ne?"

"Ƙawarta ce ni, Hajiya."

"Ƙawa ta wuce ta zauna a tabarma. A gidan nan mu muke wanke namu."

Ina da amsa, amma amsar ita ce abin da aka ce in rufe. Na tsaya kawai a bakin ƙofar ban matsa ba, mata suna kallo. Sai muka ji muryar mijin daga ƙofar soro, ba ya iya shigowa cikin mata.

"Yaya, wasiyya ce. A gabana ta faɗa."

Yayar tasa ta buɗe baki za ta yi magana, tsohuwar ta riga ta ba tare da ta ɗago daga yankan da take yi ba. "Wasiyyar mamaci ba a taka ta, Hajiya. Ki ba ta hanya." Sannan ta juyo gare ni. "Amma mutum ɗaya ba ya wanka, 'yata. Dole da mai zuba ruwa."

Wannan malamarmu ta faɗa min, ni ce na yi kamar ban ji ba. Na ce, "To Inna ki zuba min, amma ina roƙon ki juya fuskarki bango."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta miƙe ta ɗauki buta, muka shiga na sa sakata.

Mijin ya riga ya lulluɓe ta da zani tun daga wuya, Allah ya saka masa. Fuskarta ta yi fayau, ta huta, har na ji wani abu mai kama da hassada, na yi istigfari. Inna ta zauna ta ba mu baya, ta miƙo hannu da butar, in na ce zuba ta zuba, in na ce tsaya ta tsaya. Na yi mata alwala. Na wanke kanta, gashin nan da muka yi ta murnar fitowarsa. Na wanke gaba, na bi tabon aikin a hankali kamar zai yi mata zafi. Har nan komai ya tafi yadda aka koya min.

Sai aka zo juyawa don a wanke baya. Ta rame ƙwarai, na ɗauka ba za ta yi nauyi ba, ashe gawa nauyinta daban ne. Na sa hannun dama a ƙarƙashin kafaɗarta na ɗaga, na hagun ya ƙi riƙe ƙugu. Na sake gwadawa, ta dawo. Na durƙusa na haɗa da gwiwa, ta zame, kanta ya kusa bugun ƙasa, zanin ya sauka. Gumi ya jiƙa ni, idona ya fara ganin duhu. Shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ranar na san abin da nake rubutawa. Daga waje wata ta buga ƙofa ta ce maza suna tambaya, an kusa kiran salla.

Na zauna a ruwan da ya malale. Abu biyu ne a gabana, ko in bar bayanta ba wanka in yi shiru a kai ta haka, ko in bari wani ido ya gani. Na daɗe ina kallon fuskarta. Na sunkuya na ce, "Yaya, ki yafe min, na kasa." Sannan na ce, "Inna, juyo."

Ta juyo. Ta ga ƙirjin, ta ga tabon. Ko salati ba ta yi ba, fuskarta ba ta canja ba. Ta ajiye butar, ta naɗe hannun marigayiya a kan cikinta, ta kama kafaɗa da ƙugu ta juya ta cikin sauƙi, tsohuwar da na zaci iska za ta iya ɗauka. Ta ce, "Wanke, ni na riƙe." Ta kalli kumburarren hannuna, ta kalli ƙirjina inda jiƙaƙƙen hijabi ya manne, ta mayar da ido kan aikin. Muka gama da ruwan kafur, muka tsane ta, muka naɗe ta a likkafani ta ɗaure.

Sai a lokacin kuka ya zo min. Ba kukan rashinta kaɗai ba ne, har da na takaici. Abu ɗaya tak ta roƙe ni a duniya, jikin nan nawa da ake ce min ya warke ya hana ni cika mata. Na faɗa wa Inna haka, ina sheshsheƙa, na ce na ci amana.

Ta bar ni na yi mai isata, tana wanke hannu. Sannan ta zauna kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Malama, tun kafin a yi miki aure nake wankan nan. Tsakanin Madabo da unguwarku, irin wannan tabon ba yau na fara gani ba. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wasu kin je ta'aziyyarsu, kin zauna kin ci gumba. Kin taɓa jin wani abu?"

Na ce ban taɓa ji ba.

"To."

Na shiga lissafa matan da muka binne a 'yan shekarun nan, maƙwabta, iyayen ɗalibaina, waɗanda muka yi ta haɗuwa a lungu muna gaisawa, lafiya lau, lafiya lau. A lokacin da nake kulle ƙofa ina kuka ina zaton ni kaɗai ce a birnin nan, wataƙila katanga ɗaya ce tsakanina da wata. Da na sani da na shiga na zauna da ita, ko ba mu ce komai ba. Na kama hannun tsohuwar.

"Inna, don Allah, su wa?"

Ta zare hannunta a hankali ta miƙe, ta zare sakata.

"Tashi ki gyara hijabinki, 'yata. Maza suna jira."