Zagayen Ikoku da Baba Awwalu

Da an sallame sallar asuba a masallacinmu na Mile 2 Diobu, Baba Awwalu ba ya komawa gida. Shayi zai sha a tsaye, ya naɗe ƙafar wando saboda taɓon Fatakwal, ya nufi garejinsa. Kafin ya taɓa sifana sai ya bi motocin da suka kwana ɗaya bayan ɗaya, ya tayar, ya sunkuya ya kasa kunne. Ya ce inji mai sanyi ba ya ƙarya, sai ya ɗumama yake koyon munafunci. Sama da shekara talatin haka muka san shi.

Aikinsa tsofaffin motocin Jamus ne, irin masu faɗin ƙirji da babban inji, waɗanda idan suka yi gurnani sai mai okada ya waiwayo. Manya sun gama yayinsu sun yar, kuɗinsu ya faɗo, sai mu 'yan kasuwa mu riƙa yi wa rogo kallon kitse. Kowa ya san irin motocin nan su ne abincin bakanike. Wanda ya saya ya zama ɗan gida a gareji. Amma Baba Awwalu, wanda da lalacewarsu yake ci, shi ne mutumin da ya fi kowa hana mu saye da ka.

Yana da wata al'ada da ta sa wasu ke kiransa mai ɓata ciniki. Idan ka zo ka ce ya raka ka duba mota, ba zai bi ka wurin motar ba. Kasuwar kayan gyara ta Ikoku zai ja ka, a ƙafa, shago shago, kuma kai za ka tambayi kuɗin kaya da bakinka.

A gabana aka yi da Imrana, mai sarin albasa. Imrana da baro ya fara a garin nan. Wata rana da damina, yana tura kaya, wata baƙar mota irin waɗannan ta watsa masa ruwan kwata har fuska, ta wuce. Bai zagi direban ba. Motar ya bi da kallo, ya rantse sai ya mallaki irinta. Da Allah ya buɗa masa, sai ga irinta sak a hannun wani dillali, da araha. Kuɗin da zai biya kuwa na lodin albasar da zai yo daga Arewa ne. Jarinsa ke nan gaba ɗaya.

"Baba, don Allah mu je yau, kada wani ya riga ni," in ji Imrana.

"Za mu je, ɗana. Amma mu fara gaida dangin amarya."

Muka shiga Ikoku. Imrana ya tambayi fitila ɗaya ta gaba, aka faɗa masa, ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne. Ya tambayi shokozoba, dariyar ta ragu. Da muka zo kan giyabos, mai shagon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mallam, na dat motor you wan buy? You go dey see my face well well." Wato in dai motar nan zai saya, to ya zama ɗan gida a shagon. Imrana ya nemi benci ya zauna.

A nan Baba ya yi masa karatun da ya saba. Ya ce mota irin wannan baki uku gare ta. Na farko yana shan mai, kuma a gosulon Fatakwal ko tana tsaye sha take. Na biyu yana cin kayan gyara. Na uku ba a ganinsa, darajarta yake ci a hankali. "Ba fili ba ce. Ranar da ka tashi sayarwa, masu shafa ta ɗari, mai saye ko ɗaya sai ka yi addu'a."

Imrana ya sunkuyar da kai. "Wato in haƙura ke nan, Baba."

"Wa ya ce ka haƙura? Ni ma ina son su, shi ya sa na tsufa a ƙarƙashinsu. Son nan naka ba hauka ba ne, yana da haƙƙi. Amma da riba ake ciyar da shi, ba da uwar kuɗi ba. Je ka yo albasarka."

Imrana ya yi fushi, ya daina bi ta ƙofar garejin. Wani ya saye motar. Amma lodin albasa ya iso, wani lodin ya biyo bayansa, shago ya zama biyu. Bayan 'yan shekaru ya dawo da kansa, suka sake zagayen Ikoku, wannan karon yana jin farashi yana gyaɗa kai. Baba ya nemo masa wata baƙa mai lafiya, ya je ya saurare ta da sanyin safiya, sannan ya ce, "Saya. Ka san rariya ce, ka san za ta zubar da ruwa, kuma yanzu kana da rijiya."

Baba Awwalu, kai ne bakaniken da ya kori ciniki daga ƙofarsa don shagon wani ya tsaya. Daga Anaca da Inugu ana yo maka waya kafin a biya kuɗin mota, ba ka taɓa karɓar la'ada a hannun dillali ba. Ina alfahari da kai, ina alfahari da cewa a unguwarmu aka yi ka. Masu sana'a, ku duba: ana iya faɗa wa mai saye gaskiya kuma a ci abinci. Mun gode, Baba. Allah Ya saka da alheri.

Makon jiya ya rufe gareji, gwiwa ta ƙi, zai koma gida Gumel. Sai a ranar muka farga cewa duk tsawon shekarun nan bai taɓa mallakar ko ɗaya daga cikin motocin da yake so ba. Ya yi wa kansa zagayen Ikoku tun tuni, ya zaɓi karatun 'ya'yansa.

Ya yi shirin hawa motar haya, Imrana ya ce ba a isa ba. Ya wanke baƙar motarsa, ya buɗe wa Baba gidan gaba, ni na shiga baya don in raka su Inugu. Imrana na tuƙi a hankali, yana kaffa-kaffa da mai, yadda aka koya masa. Da muka fita gari titi ya miƙe, Baba ya sauke gilashi, ya karkata kai yana sauraren injin, idonsa ya ciko.

Ya ce, "Imrana, taka ta mana. Yau ba ni zan gyara ba."