Barkar da Yaya Kulu ta kai Bakura

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Kulu, matar Malam Ɗahiru. Ta rasu ne a daminar da ta biyo bayan wani babban zaɓe, shi ya sa duk lokacin da aka fara liƙa hotunan 'yan takara a bangon kasuwar Mafara sai ta faɗo min a rai. Ga shi kuwa an fara. Makon jiya na je cefane na tsaya ina kallon sababbin fuskokin da aka manna a kan tsofaffi, har mai tumatur ya ce, "Malama Luba, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, na karɓi kayana na wuce.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu. Ita aka aurar a wani ƙauye na ƙasar Maradun, ni kuma aka bar ni na yi makaranta, na koyar a firamare a nan Talata Mafara har na yi ritaya. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sai 'yar gonar shinkafa a bakin ruwan Bakalori da take sa a noma mata. Amma ban taɓa ganin mace mai ɗaukar zaɓe da muhimmanci kamarta ba. Tana goyon ɗanta na fari aka fara barin matan Arewa su jefa ƙuri'a a babban zaɓe. Ta ɗaura shi a baya ta tafi, ta dawo tana nuna wa kowa tawadar da ke babban yatsanta, ta ƙi dirje ta har sai da ta goge don kanta.

Tun daga nan ba ta taɓa fashi ba. Ranar zaɓe da an idar da sallar asuba ta gama girki, ta bi gida-gida tana fito da matan unguwa. Ƙuri'u ukun nan na rana ɗaya, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, kowacce da irin awon da take yi mata. Takan ce shugaban ƙasa sai a rediyo, sanata sai a hoto, amma ɗan majalisa tana iya tare shi a hanya ta tambaye shi zancen ruwan gonarta. Wani lokaci ita da Malam su dace a kan mutum ɗaya, wani lokaci su saɓa, su yi ta musu a tsakar gida suna cin tuwo a inuwa ɗaya.

Ranakun jiran sakamako kuwa, a nan ake ganin Yaya Kulu. Ta kifa turmi ta ɗora rediyo a kai, tana matsar mai tana sauraron yadda ake karanto jihohi ɗaya bayan ɗaya. Da wayar hannu ta zo, ni ce na shiga uku. Kafin azahar ta kira ni ya fi a ƙirga: "Ke Luba, mi kunka jiyo nan Mafara? An faɗi na Zamfara?" In na ce ban ji ba, sai ta ce to amfanin zama bakin titi ke nan mi?

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne a wani zaɓe da aka yi da zafi. Bakura da Maradun kujera ɗaya suke da ita a majalisar wakilai, kuma a shekarar gidan Malam Ɗahiru kaf suna bayan mutum ɗaya, har da ita. A daidai lokacin an sa ranar auren autanta Nasiru, mai gyaran injin ban-ruwa, da Hassi, 'yar Alhaji Mamman dillalin shanu na Bakura. Yaran suna son juna, an kai kaya, an ce sai bayan zaɓe a ɗaura. Shi kuwa Alhaji Mamman ɗan gani-kashe-nin ɗaya ɗan takarar ne.

Sakamako ya fito, su Alhaji suka ci. Ranar Talata a kasuwar Mafara, Bello, babban ɗan Yaya Kulu, ya haɗu da 'ya'yan Alhaji suna murna. Ya ce musu ai ƙuri'un Bakura sayen su aka yi kamar yadda ubansu yake sayen shanu. Aka ci kwalar juna, da ƙyar mutane suka raba. Washegari Alhaji ya aiko da kayan auren gaba ɗaya, ya ce ba ya haɗa jini da masu kiran sa ɓarawo a bainar jama'a. Malam Ɗahiru ya ce shi ma ba zai je roƙo ba. Nasiru ya daina fita aiki, ya fara zancen tafiya Kudu.

Sai ga Yaya Kulu a ƙofata da galan ɗin mai a ka. Idonta ya faɗa, domin faɗuwar nan ta ci mata rai ƙwarai. Ta ce in ɗauko mayafina mu tafi Bakura barka. Na ce barkar me, mu da aka kayar kuma aka mayar mana da kaya? Ta ce haka Malam ma ya tambaye ta, daga ƙarshe ya ce bai aike ta ba, bai kuma hana ta ba. Muka shiga mota.

Mun tarar da gidan cike da 'yan murna, ana ta dafe-dafe. Da muka yi sallama sai kowa ya juyo yana kallonmu. Yaya Kulu ta sauke galan, ta durƙusa ta gaida Hajiya matar Alhaji, ta tambayi gida da yara da gajiyar zaɓe, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta nemi a yi mata iso wurin Alhaji. Ya daɗe kafin ya fito, ya tsaya a bakin zaure fuska a murtuke.

Ta ce, "Alhaji, barkanku da nasara. Kun ci, mun faɗi. Na ji zafi, ba ni ɓoye maka."

Ya ce, "Ɗanki ya ce saye munka yi."

Ta ce, "Ya faɗi, kuma bai kyauta ba. Ni na haife shi, ni zan kawo shi ya duƙa gabanka. Amma Alhaji, wanga da kunka zaɓa, yau wakilina ne kamar yadda yake naka. Shekara huɗu zai yi. In ya kyauta, ni da kaina ina iya dangwala mishi gaba. In bai kyauta ba, kai ma sai ka bar shi. To ita Hassi, shekara nawa kake so ta yi tana biyan abin da ba ita ta faɗi ba?"

Na hango Hassi a bayan labule, ta kama bakin mayafinta. Can sai Alhaji ya ce a kawo mana fura, ya ce mu gaida Malam, ya juya ya fita. A hanyar dawowa ni dai na riga na yanke cewa tafiyar banza muka yi. Amma cikin makon Yaya Kulu ta tasa Bello a gaba, magidanci mai 'ya'ya, ta kai shi Bakura ya ba da haƙuri. Ba a jima ba ƙanen Alhaji ya zo ya ce a mayar da kayan Bakura. Aka ɗaura aure kafin ruwa ya sauka.

Yau nakan zauna in tambayi kaina, da za ta dawo ta ga inda muke, me za ta ce? Ta rasu matsalar 'yan bindiga ta riga ta fara, amma ba ta kai inda ta kai daga baya ba. Hanyar da muka bi mu biyu mata ba tare da fargaba ba, yanzu sai an tambayi labarinta kafin a hau. Gonarta ta shinkafa, wata shekara a noma, wata shekara a bar ta. A zaɓen da ya wuce, matan da take fitowa da su daga gida-gida sun warwatsu, wasu a Maradun, wasu a nan Mafara a gidajen dangi. Wasunsu sun yi ƙoƙari sun jefa ƙuri'a a inda aka ce su je, wasu kuwa suka ce mini ba su ga amfani ba.

Ni kaina sai da na yi ta jan ƙafa kafin na fita. Na tsaya a layi, aka ɗora yatsana a kan na'ura, aka ɗauki fuskata, na karɓi takarduna uku. Na san da tana nan da na'urar ta ba ta sha'awa, da sai ta tambayi ma'aikacin yadda take gane mutum. Abin da ba na jin za ta so shi ne yadda sakamako yake zuwa yanzu. Kafin rediyo ya ce komai, waya ta cika da alƙaluma, na gaske da na ƙarya, kowa da nasa. Sai zage-zage ya biyo baya tsakanin mutanen da ba za su taɓa haɗuwa ba, ba wanda zai ɗauki ƙafa ya je gidan wani ya dube shi a fuska. Ranar da aka faɗi na jiharmu ina zaune ni kaɗai a ɗaki. Na ji, na kashe rediyo. Babu wanda ya kira ni ya tambaye ni abin da muka jiyo a Mafara, kuma a ranar ne na fi jin rashinta.

Wani lokaci ina ganin kamar da ta karaya. Amma in na tuna halinta sai in ce a'a. Da ta yi faɗa, ta zagi alkawuran da ba a cika ba, ta yi kukan ƙauyenta, sannan ta ɗauki mayafi ta shiga layi.

Yaya Kulu ba ta riƙe muƙami ba, ba a taɓa kiran sunanta a taro ba. Mutumin da aka yi rigimar saboda shi ya gama wa'adinsa ya tafi, waɗanda suka ci kwalar juna a kansa sun sauya sheƙa ba sau ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne wannan. Bayan rasuwarta, da zama ya gagara a ƙauyensu, tun kafin mu dangi mu gama shawarar inda za a kai Malam Ɗahiru, Alhaji Mamman ya turo mota. Ya ware masa sashe a gidansa na Bakura, kusa da inda Nasiru da Hassi suke zaune da 'ya'yansu. Malam ya so ya ƙi don kunya, Alhaji ya ce, "Matarka ta taka ƙafa ta taho gidana ranar da ba kowa ba ne zai iya. Kai ma taho."

Da na je gaishe su kwanan baya, na iske tsofaffin biyu a ƙofar gida a kan tabarma ɗaya, jikokinsu suna hawa jikinsu. Har yanzu ba jam'iyyarsu ɗaya ba, kuma sun riga sun fara musu a kan wanda zai tsaya. Na gaishe su na shige ciki, na sami wuri na zauna na yi kukana.

Allah ya haskaka makwancinki, Yaya Kulu. Ya mayar da mutanenki gidajensu, ya ba mu ƙasar da za ki so ki gani.