Ashirin da Huɗu ga Fabrairu a Malaz

Ɗan tarihin duniyar da na sani a bayan sitiyari na koye shi, kuma ba da son raina ba. Direban gida ne ni a Riyad, a unguwar Malaz, wajen wani dattijo da ya yi ritaya daga koyar da tarihi a jami'a. Shi ne kafilina, wato da sunansa na shigo ƙasar, kuma sai da yardarsa zan fita. Kowa Daktur yake ce masa, ni ma haka. Ba mugu ba ne, gara in faɗa tun yanzu, don da mugu ne da ƙinsa ya zo min da sauƙi. Abincin da ya ci shi nake ci, bai taɓa ɗaga min murya ba, in zai kira ni "ya waladi" yake cewa, wai ɗana. Cutarsa ɗaya ce. Ɗalibai sun ƙare masa, bakin kuwa bai yi ritaya ba, sai ni na zama ajinsa.

Kullum da safe, kafin in gama fito da mota daga gareji, zai gyara zama a baya ya ce, "Ka san abin da ya faru a rana irin ta yau?" Ni kuwa ina zan sani? Firamare na yi a ƙauyenmu na ƙasar Daura, ita ma da ƙyar. Sai ya fara jero min sarakunan da aka naɗa, da garuruwan da aka ci da yaƙi, da jiragen da suka nutse. Nawa shi ne "sah, ya Daktur", wato haka ne, a duk inda ya ja numfashi. Na ƙware a kai har ina iya faɗa a daidai gurbinsa alhali hankalina yana kan tuwon gida.

A ƙarshen sanyin wata shekara, lokacin da mutane suka fara ninke manyan rigunan sanyinsu, Yayana ya kira ni. Shi ne babba a ɗakinmu, kuma a gidansa mahaifiyarmu take zaune. Ya ce, "Jikin Inna ya motsa. In da hali ka zo." Yaya mutum ne da ko gida na ci da wuta zai ce maka hayaƙi ne kawai. Da na ji ya ce in zo, sai na san jikin ya yi tsanani. Rabona da Inna an kwana biyu sosai, kuma abin da nake so bai wuce in same ta da ranta ba, ta ɗora hannu a kaina.

Direban gida ba ya fita ƙasar sai da huruj, izinin fita da dawowa, shi kuma a cikin wayar kafili yake. Ba ofis za a je ba, ba layi za a bi ba, latsawa ce kawai. Na sami Daktur a falo na durƙusa kamar yadda muka saba a gida, abin da kullum yake ba shi dariya, na faɗa masa. Ya jajanta sosai, ya yi wa Inna addu'a mai tsawo wadda ko limamin garinmu sai haka. Sannan ya ce, "Ba'ad al-muhadara, ya waladi. Bayan lacca."

Laccar nan ita ce ta tsone min ido. Tsofaffin abokan aikinsa suna da wani zama da suke yi a wata istiraha, gidan shaƙatawa a bayan gari, kowane wata mutum ɗaya ya yi jawabi. Nasa ya faɗo ran ashirin da huɗu ga Fabrairu, shi kuwa ya zaɓi ya yi magana a kan ranar kanta. Wa zai kai shi wajen masu buga takardu? Wa zai ɗauko dabino da kayan gahawa? Wa ya san hanyar istirahar? Duk ni. Na sake tuntuɓarsa bayan kwana biyu, ya ce "bukra, in sha Allah." Goben Larabawa kuwa doguwa ce, na sha zama a cikinta. An ce mai nema ba ya fushi, sai na haɗiye nawa na ci gaba da wanke mota.

Ranar ta zo. Tun daga Malaz ya fara gwada laccar a kaina, takardu a cinya, gilashi a kan hanci. Ya ce a irin wannan rana ce wani Fafaroma ya ba da umarnin gyara kalandar da duniya take bi yanzu. A irin ta ce sojojin ƙawance suka kutsa ta ƙasa don ƙwato Kuwait, kuma nan ya daɗe, don yana Riyad lokacin, ya tuna jiniyar gargaɗi da yadda suka liƙe tagogi. A irin ta ce Rasha ta afka wa Ukraine. Sai ya leƙo tsakanin kujeru da murna kamar zai ba ni tukuici.

"Har da naku na Afirka a ciki! A yau aka kifar da shugaban Ghana na farko. Miskin, yana kan hanyar tafiya aka yi masa. Ka duba, mutum yana nesa gidansa ya rushe bai sani ba."

"Sah, ya Daktur."

Wallahi na so in taka birki a tsakiyar titi in juyo in tambaye shi ko a cikin takardun nan akwai inda aka rubuta wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ban tambaya ba. Na sa sigina na shiga hanyar istiraha.

Suka shiga ciki bayan la'asar, mu direbobi muka tsaya a waje jikin motoci. Ta taga ina hango shi yana ɗaga hannu, tsofaffi suna gyaɗa kai. Na koma gefe na kira Yaya.

"Yaya, ya jikin Inna?"

"Alhamdulillahi."

"A ba ta wayar in ji muryarta."

Ya ce, "Tana barci. Kai dai ka yi ta addu'a."

Har daɗi na ji, don an ce min kwanakin nan ba ta samun barci.

Daktur ya fito fuska kamar gonar auduga, an yi masa tafi, wani ma ya ce a buga laccar a littafi. Muna cikin mota, ban ko tuna masa ba, ya ciro waya ya latsa nan ya latsa can. "Khalas, mabruk," ya ce, wato shi ke nan, barka, an ba ni huruj. Ko danja ba ta sake mu ba aka gama. Abin da na yi ta durƙuso a kansa ke nan. Na yi masa godiya, har da cewa Allah ya ƙara girma, kuma har yau in na tuna godiyar nan sai na ji ɗaci a bakina.

Jirgin da na samu na Asabar ne. Ranar Juma'a da hantsi ina ɗakina na bakin ƙofar gida ina haɗa kaya, sai ga sallama. Wani dattijon garinmu ne da nake kira Kawu, yana lodin kaya a wani sito can Birnin Masana'antu na Biyu. Juma'a kaɗai yake samun fita, kuma bai taɓa zuwa Malaz ba, kullum ni nake bin sa. Na yi murna, na shimfiɗa masa darduma, na hau nuna masa tsarabar Inna: bargo mai laushi, man zafi na ciwon gwiwa, da carbi mai manyan 'ya'ya saboda idonta ya yi rauni. Yana ta kallo bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ƙi shayi. Ya fara zancen cewa duk mai rai mamaci ne, da yadda Allah yake karɓar abinsa a lokacin da ya so.

A nan na gane. A garinmu ba a faɗa wa wanda yake nesa rasuwar uwa ta waya. Sai a nemi babba a kusa da shi, ya taka da ƙafarsa, ya zauna, ya faɗa masa ido da ido, don kada ya yanke jiki ya faɗi babu mai riƙe shi. Ni ma an taɓa aikena irin wannan aike, kuma a lokacin gani nake babu al'adar da ta fi ta tausayi.

"Kawu, yaushe?"

"Ranar da maigidanka ya yi taron nan. Da hantsi ta cika, kafin azahar an kai ta. Tun ranar suka kira ni, to ka san aikinmu, ba a ba ni fita ba sai yau."

Ashe lokacin da na kira, daga maƙabarta suka dawo. Kwanakin nan duka ina yawon kasuwa ina zaɓar launin bargo, garinmu kaf an sani, har Kawu da ke ƙarshen Riyad ya sani, ni da ta haifa ne kaɗai ban sani ba. An yi zaman makoki an share wuri ba ni. Kuka bai zo min ba, fushi ne ya zo. Kawu yana cewa in bari in huce, na fizge wayata na kira gida.

"Yaya, ni za ka ce wa tana barci? Uwata ce fa!"

Bai yi musu ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Muryarsa a dishe take, ta mutumin da ya kwana uku yana amsa gaisuwa.

"To da na faɗa maka fa? Motar za ka ajiye masa a titi ka taho da ƙafa?"

Na riƙe wayar a kunne har layin ya yanke. Kawu ya ɗaga hannu ya fara addu'a, na shafa tare da shi. Kafin ya tashi aka yi kiran farko, lokacin kai Daktur masallaci ya yi. Na sa takalmi na ɗauki makullin mota.