Tuwon Ja'afaru Mai Ɗinkin Buhu

Ja'afaru maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun muna yara tare muka yi kiwon awaki, saboda haka in na ce na san shi ba cika baki nake yi ba. Dogo ne siriri, marar magana, irin mutanen da za ka gaishe su su amsa maka da ka. Da damina manomi ne kamar kowa a garinmu, yana shuka dawa da gero da ɗan wake a gonar da mahaifinsa ya bari. Da an gama girbi sai ya ɗauki basillarsa ya hau mota zuwa Dawanau, inda yake ɗinke bakin buhunan hatsi a rumfar wani dillali. Hannunsa akwai sauri. Amma wannan hannun bai taɓa ɗora ko ruwan shayi a wuta ba, don matarsa Asiya ba ta bar masa ƙofar da zai koya ba.

Asiya ta rasu bayan kaka, ciwon 'yan kwanaki. Ta bar masa 'yan mata biyu, Muhsina da ta shiga firamare, da Ummi wadda ko wanka ba ta iya yi wa kanta ba.

A wajenmu in mace ta rasu ta bar ƙanana, ba a ma tsayawa shawara, dangi ne suke raba su. Mahaifiyar Asiya, Inna Rahmatu, ta zo daga Makoda da niyyar tafiya da duka biyun. Ranar ne na fara jin Ja'afaru ya yi magana mai tsawo a rayuwarsa. Ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa, ya ce in aka ɗauke yaran nan gidan ya zama kango, shi kuma bai san abin da zai dawo da shi daga kasuwa ba. Aka ce to ya yi aure. Ya ce ba yanzu ba, zuciyarsa ba ta kwanta ba, aljihunsa ma haka.

Inna Rahmatu ba ta da wasa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Na bar maka su zuwa faɗuwar damina. In na dawo na tarar da su a wulaƙance, ko na ga rumbun nan ya yi ƙasa, ba sai mun yi dogon zance ba.”

Da farko abin ya zo da sauƙi, kwanuka na ta shigowa daga maƙwabta. Bayan sadakar arba'in sai suka fara ja baya, kuma ba na ganin laifin kowa, don shekarar kowa ta kansa yake yi. Shi ma Ja'afaru ga kunya kamar amarya. In maiɗakina ta aika da abinci sau biyu a jere, na uku sai ya ce a gode mata, sun riga sun ci.

Sai ya koma saye. Da safe koko da ƙosai. Da rana ya bar wa yara kuɗin ɗanwake ko taliya, shi kuma ya ci shinkafa da wake a Dawanau. Da yamma a je gidan Iya Furera mai tuwon sayarwa a karɓo na yara, a karɓo na ciyayya.

Ciyayyar nan ita ta fi cin sa. Mu magidantan layinmu, bayan sallar magariba kowa yakan fito da kwanon tuwon gidansa, mu haɗu a ƙofar gidan liman Malam Abdulrashid, a jera kwanukan, a ci ɗaya bayan ɗaya. Haka muka tarar iyayenmu suna yi. Wanda ya daina fitowa da kwano, to ko tafiya ya yi ko wani abu ya same shi, kuma kwanon magidanci ba ya fitowa sai a cike. Don haka Ja'afaru yakan sayi tuwo mai yawa, ya juye a kwanon Asiya, ya rufe da faifai, ya fito da shi kamar daga madafarsa. Duk mun sani. Akwai wanda bai san miyar Iya Furera ba a garin nan, da masoron da take zambaɗawa? Amma ba wanda ya ce uffan, sai mu ci mu yi hamdala.

Kuɗin ɗinki ba su isa wannan hidima ba, sai ya fara taɓa rumbu. Yau ya zare dami a sussuka a sayar, jibi ya zare wani. Mai sayen kuwa mafi kusa ita ce Iya Furera. Kafin zafi ya kankama, ni da nake leƙe ta kan katanga na ga sai ya zura rabin jikinsa a rumbun kafin hannunsa ya kai ga dawa, na ce a raina yaran nan sun tafi Makoda sun gama.

Iya Furera tsohuwa ce mai kaifin baki, ta yi jika da mu duka. Wata safiya ya kai mata dawa, sai ta ƙi karɓa. Ina nan tsaye ina jiran kunu, da kunnena na ji.

“Kai Ja'afaru, zo nan. Wai kanka ɗaya kuwa? Kai ka nome dawar nan, ka ɗauko ka kawo min da araha, ni kuma in zuba mata ruwa in hura wuta, in sayar maka da abarka da tsada. Ruwa da wuta kawai kake saye a wajena. Babu rijiya a gidanku ne, ko karan gonarka ya ƙare?”

Ya sosa ƙeya ya ce, “To Iya, ya zan yi? Ni namiji ne.”

“Cikin Ummi ya san namiji? Dawar da ka kawo min shekaranjiya, da a gidanka aka tuƙa ta da har yau kuna ci. Ni ciniki nake so, amma ba zan ci rumbun marayu ina kallo ba. Kai ta inji a niƙo maka, ka dawo in gaya maka yadda ake yi.”

A zaurenta ta karanta masa komai kamar mai biya wa ɗalibi allo: a bar ruwa ya tafasa, a dama gari kaɗan a yi talge, a jira ya nuna, sannan a riƙa zuba gari ana tuƙawa, a rufe ya sulala. Ya ce ya gane. Bai gane ba.

Da la'asar na ga ya ja ƙyauren gidansa ya saka sakata, abin da bai taɓa yi da rana ba. Can sai hayaƙi ya turnuƙe, sai tari, sai ƙauri. Maiɗakina tana tankaɗe a gindin katanga, ta kasa haƙuri. Ba za ta shiga gidan ba tunda babu mace a ciki, sai ta ɗaga murya.

“Baban Muhsina, rage wutar nan! Kuma talgen bai nuna ba, ina jin ƙarar tukunyar daga nan!”

Sai can muka ji ƙasa-ƙasa, “To.”

Haka aka yi karatun, malama a bayan katanga, ɗalibi a gaban murhu, ba mai ganin wani. Tuwon ranar farko gudaji ne zalla, in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Miyar kuka kuwa ya ji an ce ana saka kanwa, sai ya saka kamar zai jiƙa wa doki. Ummi ta kai loma ɗaya ta fashe da kuka, ta ce ita na Iya take so. Muhsina ta daure ta ci, tana haɗiya tana kallon ubanta. Ya gaya min daga baya cewa wannan kallon ne ya hana shi jefar da muciyar.

Kwanaki ba mu gan shi a ciyayya ba. Ranar da ya dawo, ya ajiye kwanonsa can gefe ya zauna yana kallon ƙasa. Da aka zo kan kwanon, Munir mai faci, wanda bakinsa ba ya shiru, ya buɗe ya leƙa, ya ce, “A'a! Wace amaryar aka kawo layin nan ba a gayyace mu ba? Wannan ai ba hannun Iya ba ne.” Aka kwashe da dariya. Wani ya ce daga yau sai a riƙa kiran sa uwargida.

Ni abin ya ba ni haushi, har yanzu ma in na tuna sai raina ya ɓaci. Mai shayi namiji ne, yana soya ƙwai a bakin titi, ba mai yi masa dariya. Mai tsire namiji ne. Masu dafa taliya a tasha maza ne. Wato in don kuɗi ka hura wuta sana'a ce, in don 'ya'yanka ne kuma ta zama abin kunya? Na buɗe baki zan faɗi haka, sai Malam Abdulrashid ya riga ni, kuma ya fi ni iyawa. Ya jawo kwanon gabansa, ya yi bisimilla, ya kai loma, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Sannan ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida, wanda ya fi shi mazantaka a nan ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Muka cinye tuwon tas, da gudajin da komai, Munir ma ya ci, ko da yake ya sha ruwa da yawa.

Daga nan Ja'afaru ya daina saka sakata. Hannun da ya saba da basilla bai daɗe ba ya saba da muciya. Ya gano cewa in ya tuƙa da ɗan yawa da yamma, da safe ɗumame ya wadatar, ba sai an nemi ƙosai ba. Ya gano kukar da ke bayan gonarsa, wadda matan gari suke tsinka kyauta shekara da shekaru, ita ce dai yake saye a ƙulle a leda. A ɗakin Asiya ya tarar da busasshiyar kuɓewa da barkono da ta adana a tulu, ya zauna ya yi kukansa, sannan ya daka. Ya koyi ɗanwake, ya koyi dambu da zogale. Har Dawanau yake tafiya da kwanonsa a ɗaure cikin ɗankwali, abokan aiki suka yi tsiyarsu suka gaji, daga baya wasu suka fara miƙo hannu.

Rumbu ya tsaya inda yake, sai ɗan abin da za a kai inji. Kuɗin ɗinki suka fara kwana a aljihu, abin da ya manta ana yi. Ya saya wa yara takalma, ya ajiye na taki, har ya kawo wata 'yar akuya ya ɗaure a gindin rumbu ya ce ta Ummi ce. Ba wai ya yi arziki ba ne, kada a ce na faɗa. Amma yaran sun yi kumatu, shi ma wuyansa ya ɗan cike.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Wata rana da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga babura biyu sun tsaya. Inna Rahmatu ta sauko daga ɗaya, ɗayan kuwa ba kowa a bayansa, an ɗauko shi ne don yara da kayansu. Ba ta aiko ba, ba ta jira a yi mata iso ba, ta yi sallama ta shige.

Abin da ya faru a ciki maiɗakina ce ta ba ni labari, don kunnenta na jikin katanga, abin da ba ta ji ba kuma Muhsina ta cike mata. Inna ta tarar da surukinta tsugune daga shi sai singileti, ya dafe tukunya da tsumma, yana tsakiyar tuƙi. A al'ada ko hanya suka haɗa sai ya kauce ya durƙusa. Ga shi yau ba halin tashi, don in ya saki muciya a wannan gaɓar tuwon ya lalace. Sai ya sunkuyar da kai, yana gaishe ta yana tuƙi, gumi na ɗiga. Ta wuce ta leƙa rumbu. Ta kira yaran ta duba kansu, ta duba farcensu, ta ɗaga rigar Ummi ta ga cikinta. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta ce in ya kwashe a zuba mata.

Suruka ba ta cin abinci a gaban surukinta, don haka da ya zuba ya kaɗa miya, sai ya saka riga ya fito waje ya zauna kusa da ni. Sai waiwayen ƙofa yake yi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, alhali nawa ma ba a kwance yake ba. 'Yan acaɓar nan biyu suna ta duba waya, su dai a fito a tafi.

An daɗe kafin ta fito, kuma ita kaɗai ta fito, idanunta sun yi ja. Ja'afaru ya zube a ƙasa.

“Baban Muhsina.”

“Na'am, Inna.”

“Kanwa ta yi yawa.”

“To, Inna.”

“Kuma ƙanzon nan kada in ji an ba akuya. A jiƙa wa yara da safe.”

“To, Inna.”

Ta kwance bakin zaninta ta sallami mai babur na biyu, ta ce ya yi gaba, babu kaya. Ta hau nata, ta gyara mayafi, har an tayar da inji sannan ta waiwayo.

“Daddawar kasuwa ce ke ɓata maka miya. Kada ka ƙara saye, zan riƙa aiko maka da tawa.”

Muna tsaye har suka sha kwana. Ja'afaru kuwa sai share fuska yake yi da hannun riga. Na tambaye shi lafiya, ya ce hayaƙi ne, alhali a waje muke. Daga cikin gida Ummi ta ƙwala kira, wai ita yunwa take ji kuma Muhsina ta ɗauki babbar malmala. Ya ce min, “Bari in je in raba su,” ya shige gida.