Babur ɗin Kawu Illa, daga Gazawa zuwa ƙofar gida

Na bar ƙauyenmu da ke arewa da Gidan Rumji bayan sallar asuba, a ƙasa, domin ba ni da abin hawa, kuma abin da ya fitar da ni ke nan. Matata Hadiza tana da tsohon ciki. Ɗanmu na fari mun rasa shi a cikin amalanke, a tsakiyar yashin da ke tsakaninmu da gidan likita, shanu suna tafiyarsu ta ganin dama. Tun ranar na ƙudurta cewa ba sa ne zai sake kai ta ba. Sai ga saƙo daga kawunta Illa na Gazawa, wai yana da babur irin na daji, dogo mai tayoyi masu haƙora, zai sayar mini.

Motar da na samu a tasha ta tsaya a kowane shingen jandarma, ta kuma tsaya a inda babu shinge. Na sauya wata a Maraɗi.

Gazawa

La'asar ta yi mini a ƙofar gidan Kawu. Aka kawo fura mai sanyi, aka fito da babur yana ƙyalli kamar kwanon amarya. Na faki ido na taɓa injin da bayan hannu, na ji shi da ɗumi. An tayar da shi kafin in iso ke nan, kuma injin da aka ɗumama yakan ɓoye halinsa.

Sufanuna na kwance inji suna cikin jakata, amma a can suka kwana. A wajenmu ba ka kwance kayan suruki a gabansa, domin daidai yake da ka ce masa maƙaryaci. Kawu ya bubbuga sirdin ya ce, "Wanga ko ƙusa ba ya bukata, ɗana." Na ce, "Haka ne, Kawu," kaina a sunkuye. Na kwana a zaure, da safe na karɓi takardu na kama hanya.

Agiye

Ina shiga gari na nufi garejin wani makanike, Malam Garba, a bayan tasha. Muka juye baƙin mai, ya fito da kauri kamar kunun da ya kwana. Buji, wato fulogi, ya yi baƙi ƙirin. Da muka buɗe gidan iska, maimakon soson da ke tace ƙura sai muka tarar da guntun katifa.

"Wa ya sayar maka da wanga?" in ji Malam Garba.

"Surukina."

"To, na yi shiru."

Bai yi shirun ba. Kafin in gama cin ƙosai duk 'yan kabu-kabun tasha sun kewaye mu, kowa da shawararsa. Muka sa sabon soso da buji, muka zuba mai, muka ja sarƙa, muka bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya muna ƙwanƙwasawa, wanda ya yi kukan sanyi a ɗaure shi. Birkin baya ya cinye har ƙarfe, shi ma muka sauya.

Cadawa

Na tsaya sallar azahar da kwanon kopto, kwaɗon ganyen zogale, sai waya ta yi ƙara. Kawu ne. Direbobin Gazawa sun riga ni kai labari.

"An ce ka tsiraita babur ɗina a tsakiyar tashar Agiye, yara na kallo. Mi na yi maka?"

Tunda na auri Hadiza ban taɓa mayar wa mutumin nan magana ba. Amma na tuna amalanken nan, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Ba ni zan hau ba. Ɗiyarka za ta hau, ranar da naƙuda ta kama ta."

Sai Kawu ya ce, da wata murya daban, "Ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Duba gefen hagu, ƙarƙashin fenti. Ya taɓa tsagewa, an yi mai walda." Bai jira amsa ba ya kashe.

Na durƙusa a nan bakin hanya na kankare fentin da makulli. Ga tsagar ta sake buɗewa, siririya kamar zare. Ni da Malam Garba mun shafe safiya a kan babur ɗin nan, babu wanda ya gan ta.

Maraɗi zuwa gida

Daga Cadawa na riƙa lallaɓawa a gefen kwalta, har masu keke suna wuce ni suna yi mini sannu. A Maraɗi mai walda ya ce zai liƙe ƙarfen ya fi sabo. Na ce a'a, a cire shi gaba ɗaya. Sai da na zaga rumfunan kayan babur kafin na samu wani lafiyayye, na kankare shi da kaina a gaban mai shi, tunda shi ba surukina ba ne. Na kwana wajen wani abokina a Tibiri.

Da safe a Gidan Rumji na sayi buhun hatsi na ɗaure a baya, don in ji yadda babur zai yi da nauyin mutum biyu. Daga ƙofar gidan likita na ɗauki hanyarmu. Da na iso yashin nan na amalanke sai na ƙara wuta, taya ta baya ta yi ta watsa ƙasa, babur ya ratsa bai ko yi tari ba. Na juya na sake ratsawa, don zuciyata ta yarda.

Hadiza tana tsaye a ƙofar gida, hannunta riƙe da ƙugu. Ta dubi babur, ta dubi buhu, ta ce, "Kawu ya kira tun jiya, ya kuma kira ɗazu. Bai gaishe ni ba ma. Tambayarsa ɗaya, wai an sauya ƙarfen?"

Na kwance tsohon ƙarfen daga bayan buhu na ajiye a gabanta. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Garba, na kuma gode wa Kawu Illa, wanda ya zaɓi jin kunya a gabana a kan rasa jikansa. Yanzu babur yana zaure, tanki cike, fuskarsa tana duban hanya.