Saje Almu Rano, Mai Gyaran Bindiga

Asali da haihuwa

An haifi Malam Almu Abdul-Salam, wanda aka fi sani da Saje Almu, a garin Rano ta ƙasar Kano, cikin watan Maris na shekarar 1953 miladiyya, wadda ta yi daidai da 1372 hijiriyya. Mahaifinsa, Malam Abdul-Salam, maƙeri ne da ya shahara wajen ƙera garma da gyaran bindigogin mafarauta, mahaifiyarsa kuwa, Malama Gambo, 'yar limamin wani ƙauye ce da ke gabas da Kibiya. Shi ne ɗa na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ya ɗauki sha'awar ƙarfe daga cikinsu.

Karatu

Ya fara karatun allo a zauren kakansa yana ɗan shekara biyar, ya sauke Alƙur'ani a shekarar 1965. Ya shiga firamare ta Rano a 1960, daga nan ya sami gurbi a makarantar koyon sana'a a Kano, inda ya yi shekara uku yana koyon sassaƙa ƙarfe da inji. Malamansa sun shaide shi da haƙuri da tsafta, an kuma ce ba ya barin teburin aiki sai ya jera kayan aikinsa daga ƙarami zuwa babba, ɗabi'ar da bai rabu da ita ba har tsufansa.

Aikin soja

A shekarar 1971 ya shiga aikin soja, aka tura shi sashen kula da makamai saboda sana'ar da ya zo da ita. Ya yi aiki a Zariya da Inugu da Kaduna. Cikin shekara ashirin da biyu da ya yi a bakin aiki bai taɓa harbin mutum ba, aikinsa shi ne kwance bindiga, da gano ciwonta, da mayar da ita hannun mai ita lafiya.

A nan ne ya ƙulla ra'ayin da aka san shi da shi daga baya. Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi tana amfani ne da hayaƙin da ke bin bayan harsashin da aka harba. Akan janyo kaɗan daga hayaƙin ta wata 'yar ƙofa a jikin bututu, domin ya fitar da kwanson da aka harba ya saka sabo. A wasu bindigogin hayaƙin yakan tura wani sandan ƙarfe ne, wato fistin, shi kuma ya yi aikin. A wasu kuwa ana bi da hayaƙin ta siririn bututu har cikin cikin bindigar, ita ce ake ce wa mai gas. Da daminar 1976, a wani atisaye, bindiga mai fistin ta faɗa cikin taɓo ta kwana biyu. Almu ya tsamo ta, ya ɗauraye ta a rafi, ya harba, ta tashi. A shekarar 1980 kuma, da aka tura shi Lebanon cikin rundunar kiyaye zaman lafiya, ya kwance bindiga mai gas karo na farko, ya tarar da cikinta baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Tun daga ranar ya yanke hukunci cewa mai fistin ta fi, bai kuma sake shi ba.

Ya yi ritaya a 1993 da muƙamin babban saje, ya buɗe ɗan shagon sassaƙa ƙarfe a Kaduna.

Aure da iyali

A watan Disamba na 1981 aka ɗaura aurensa da Hansai, 'yar Malam Rahim, wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Zariya. Ita kuwa a lokacin ta kammala karatun aikin jinya. Allah ya azurta su da Ahmad a 1983, da Fauziyya a 1986, da Fa'iz a 1990, da Muhibbat a 1995. Sun haifi wani ɗa namiji a 1988, wanda aka sa wa sunan kakansa Abdul-Salam, amma ya koma yana da wata takwas.

Hijira zuwa London

A shekarar 2001 wani asibiti a gabashin London ya ɗauki Hajiya Hansai aikin jinya. Bayan shawara da 'yan'uwa da istihara, Saje Almu ya rufe shagonsa ya bi ta da ƙananan yaran biyu a 2002, manyan suka zauna a Zariya don ƙarasa karatu. Sun fara zama a wani flat mai ɗaki biyu a Lewisham, daga baya suka koma Barking, cikin jerin gidajen nan masu bango ɗaya.

Ya sami aikin makaniki a wani garejin gyaran jiragen ƙasa, ya yi shekara goma sha shida a wurin ba tare da an taɓa rubuta masa takardar gargaɗi ba. Duk da haka iyalinsa sun lura cewa shekarun farko sun yi masa nauyi. Ba shi da abokin hira sai a masallaci ranar Juma'a, kuma babu wanda zai yi wa zancen abin da ya fi sani a duniya.

Haɗuwarsa da Chollom

Wata Asabar cikin watan Mayu na 2006, yana sayen busasshen kifi a kasuwar Deptford, sai ya ji wani ƙaton mutum yana ciniki yana jefa Hausar bariki cikin Turancinsa. Suka gaisa. Mutumin shi ne Chollom Pam, ɗan ƙabilar Birom daga Jos, tsohon kofur da ya yi yaƙi a Laberiya, wanda a lokacin yake tuƙa bas a kudancin London. Ba su yi rabin sa'a a tsaye ba sai da zance ya kai ga bindiga. Chollom ya ce shi dai bai ga kamar mai gas ba, don ya ɗauki mai fistin wata tara a dajin Laberiya har kafaɗarsa ta karkace, ranar da ya riƙe mai gas kuwa sai ya ji kamar sandar rake.

An ruwaito cewa Saje Almu ya ajiye ledar kifinsa a ƙasa, ya ce, "Kofur, mai gas ɗin nan kai ka ɗauke ta ne kawai. Ni na wanke ta. Wa zai gina murhu a tsakiyar ɗakin kwana, ya toshe taga, ya ce ya yi dabara?"

Chollom ya tuntsire da dariya ya ce, "Oga Saje, abin da soja yake so shi ne harsashi ya je inda aka aike shi. Wanki kuma ai shi ya sa gwamnati take biyanku."

Wannan muhawara ta ɗauke su shekara goma sha bakwai.

Shiga ƙungiyar wasan harbi

Chollom ɗan wata ƙaramar ƙungiya ce ta masu wasan harbi, waɗanda suke haɗuwa a wani dogon ɗaki ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, suna harbin takarda mai zobba-zobba da ƙananan bindigogi. Ya gayyaci Saje Almu, al'amarin kuwa bai zo da sauƙi ba. Shekara ɗaya ke nan da harin bama-baman London, kuma wasu dattawan masallaci sun ja shi gefe suka ce masa, Musulmi baƙar fata mai gemu ba shi da abin nema a inda ake harbi, kada ya jawo wa jama'a ido. Ya saurare su da ladabi, ya yi mako uku yana juya maganar. Daga ƙarshe ya ce musu ɓoye-ɓoye ne ke haifar da zargi, shi kuwa ta ƙofar gaba zai shiga, da sunansa da adireshinsa.

Hajiya Hansai ta amince bisa sharaɗi guda. Ta ce, "Baban Ahmad, ka je ka yi wasanka, amma bindiga ba za ta kwana a gidan nan ba." Ya riƙe wannan alkawari har ƙarshen rayuwarsa, bindigarsa a ma'ajiyar ƙungiya take kwana.

Ya yi wata shida yana ɗan gwaji ƙarƙashin kulawar sakatariyar ƙungiyar, wata dattijuwa Baturiya mai suna Margaret, wadda ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kan ƙa'ida. 'Yan sanda suka zo gidansa suka yi masa tambayoyi, ya kawo takardun sallamarsa daga soja da shaidar likita, aka ba shi lasisi a watan Afrilu na 2007. Bai taɓa zama gwanin harbi ba, ya fi zama a tsakiyar jerin sunaye idan an fitar da sakamakon gasa. Amma kafin shekara ta zagayo, duk wanda kunamar bindigarsa ta yi tauri ko sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar cikinta, ya saki, wurinsa yake zuwa neman shawara.

Kowace Asabar bayan an tashi, akan zauna shan shayi a ɗan ɗakin baya, shi da Chollom su ɗauko zancensu. Dokar Ingila ba ta yarda farar hula ya mallaki irin manyan bindigogin da suke musu a kansu ba, saboda haka da cokali da biro da bayan ambulan ake kafa hujja. 'Yan ƙungiyar suka rabu biyu don nishaɗi. Idan musun ya yi zafi sai su juye zuwa Hausa, Margaret ta buga cokali a kofi ta ce a koma harshen da alƙali ke ji.

Tafiyar gwaji

A watan Yuni na 2012 'yan ƙungiyar suka yanke shawarar raba gardama. Margaret ta kama musu wuri a wani filin harbi a ƙasar Czech, inda ake ba baƙi hayar irin waɗannan bindigogi, mutum shida suka tafi. Aka ba Saje Almu da Chollom kowannensu harsashi ɗari uku, aka kuma sharɗanta cewa kowa zai harba bindigar da yake kushewa.

Da aka ɗauko takardu, sai aka ga Saje Almu bai taɓa tara harsasai wuri ɗaya kamar yadda ya yi da mai gas ba. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Gaskiya ɗaya ce, tana da saiti." Chollom ya yi ta rawa yana sara masa. Amma da aka zo wanki, Chollom ya goge mai fistin cikin minti goma ya zauna, Saje Almu kuwa ya yi kusan sa'a guda yana kankare baƙi, ya ɗaga yatsunsa goma ya nuna wa jama'a. Aka dawo London kowa yana cewa shi ya ci. Saje Almu ya sa takardar a firam ya rataye a falonsa, ya ce adalci ya wajaba ko a kan abokin gaba.

Abin da ya faru a 2016

Ranar wata Asabar cikin Oktoba na 2016, wani sabon ɗan ƙungiya mai suna Godwin, akanta ne daga Lewisham, yana harbi kusa da shi, sai Saje Almu ya ji ƙarar harbinsa ta fito a shaƙe, ba kamar sauran ba. Godwin bai lura ba, har ya ɗura wani harsashin ya kai yatsa ga kunama. Saje Almu ya daka tsawar da ba a taɓa jin ya yi ba, kowa ya tsaya cak. Da aka leƙa bututun, sai ga harsashin farko maƙale a tsakiya. Da an harba na biyu a kansa, da bututun ya iya fashewa kusa da fuskar mai harbin. A taron shekara ƙungiyar ta naɗa shi jami'in kula da lafiyar fili, ta kuma yafe masa kuɗin sabunta rajista har abada. Wasu daga dattawan da suka hana shi shiga tun farko sun halarci walimar da aka yi masa.

Shekarun ƙarshe

Ya yi aikin Hajji tare da maiɗakinsa a 2017, ya ajiye aikin gareji a 2018. A farkon 2019 ya lura hannunsa na dama yana rawa idan ya ɗauki kofi, likita kuma ya tabbatar masa da ciwon jijiya ne wanda ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Likitan bai ce ya bar harbi nan take ba. Chollom ma ya roƙe shi ya ƙara ko shekara ɗaya, ya ce zai riƙa tsayawa a bayansa.

Saje Almu ya ce, "Kofur, shekara ashirin da biyu ina karɓe bindiga daga hannun da ban yarda da shi ba. Yau hannun nawa ne."

Ya rubuta wa 'yan sanda da kansa ya mayar da lasisinsa, ya bar wa ƙungiya bindigarsa don koyar da sababbin shiga. Bai daina zuwa ba. Kowace Asabar yakan hau jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Barking, ya zauna a kujerarsa ta bayan layi yana sauraron ƙarar harbi, kuma daga ƙarar kaɗai yakan gaya wa mutum cewa bindigarsa na son mai. Lokacin kullen korona, da aka soke komai, shi da Chollom suka mayar da hirarsu waya, Hajiya Hansai takan ce ita ma ta haddace hujjojin ɓangarorin biyu ba da sonta ba. Sauran kwanakinsa ya raba su tsakanin masallaci, da noman tumatir da alayyafo a bayan gida, da jikokinsa, waɗanda yake yi wa Hausa suna amsa masa da Turanci.

Rasuwa da jana'iza

Ciwon huhu ya kwantar da shi a farkon watan Nuwamba na 2023. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 21 ga Nuwamba, 2023, da hantsi, a gaban maiɗakinsa da ɗansa Fa'iz, yana da shekara saba'in. An yi masa salla washegari bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Musulmi da ke Hainault. Jama'ar masallaci da tsofaffin abokan aikinsa na gareji sun halarta. 'Yan ƙungiyar harbi su goma sha ɗaya suka tsaya daga baya har aka gama, Chollom Pam kuma ya nemi izinin liman ya zuba ƙasa da hannunsa, aka ba shi.

Ya rasu ya bar maiɗakinsa, Hajiya Hansai, da 'ya'ya huɗu: Injiniya Ahmad Almu, ma'aikacin hukumar ruwa a Kaduna, Malama Fauziyya Almu, malamar lissafi a Zariya, Fa'iz Almu, mai haɗa magunguna a Ilford, da Muhibbat Almu, lauya a London. Ya kuma bar jikoki tara da ƙanwarsa ɗaya, Hajiya Tasalla, a Rano.

Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya albarkaci zuriyar da ya bari.