Ɗan Sanda Ɗaya, Ankwa Ɗaya

Ko me tsufa zai goge mini, ba zai goge ranar da aka ɗaure yayana a jikin tsamiya ba. Shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ne, muna ƙarƙashin Kano a lokacin. Kullum rediyo na ba mu labarin gadojin da ake buɗewa a birane, mu kuwa a ƙauyenmu da ke bayan Basirka, in damina ta yi nisa, rafi ne ke cewa wane zai fita, wane zai zauna.

Yayana mahauci ne. Wata safiya aka wayi gari san huɗar wani manomi na maƙwabcin ƙauye ya ɓace. A al'adarmu sawun dabba ake bi, inda ya ƙare, mai wurin zai nuna inda ya fita. In ya kasa, shi ne ɓarawo. Sawu ya zo har bayan dangar yayana, ruwan asuba kuma ya shafe sauran. Ga mahauci, ga sawun sa a bayan gidansa, wa zai tsaya tambaya? Masu bin sawun suka ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar shanu, suka ce in la'asar ta yi bai fito da sa ba, sun san abin da za su yi. Mai gari ya yi ta roƙo har muryarsa ta dushe. Na dubi sandunan da ke hannunsu, na san ba wasa ya kawo su ba.

Ni ban iya roƙo ba, har gobe. Na sulale, na haye rafi rungume da goran masu fito, na yi ta gudu har ofishin 'yan sanda. Ofishin ɗaki biyu ne na laka, ɗan sanda ɗaya tak a ciki: wani kofur siriri, Kirista daga ƙasar Binuwai, mai Hausar bariki. Abokin aikinsa tun kafin shuka aka kira shi Birnin Kudu, ba a aiko da madadinsa ba. Mota kuwa sai a Gwaram, ita ma ba ta iya iyo ba.

Ya saurare ni tsaf, sannan ya nuna mini ɗaya ɗakin. Wani ɓarawon akuya ne a tsare, ƙofar kuma gara ta gama da ita, in ya tafi ba mai gadi. Raina ya ɓaci, na ce, "Kofur, yanzu akuya ta fi ran mutum ke nan?"

Ya ɗauki hularsa ya ce, "Wa ya gaya maka zan bar shi? Da shi za mu."

A bakin rafi na gane kofur bai iya ruwa ba. Ya kwance wa ɓarawo ankwa, ya tuɓe riga ya naɗe ta a ka, ya rungume gora idonsa a rufe. Yana kiran Yesu, ina salati, ɓarawon akuya na tura shi ta baya yana ce masa ya daina shure-shure. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar babban mutum kamar haka ba, amma bai ce a koma ba. Shi ma ɓarawon bai gudu ba, Allah Ya saka masa.

Muka isa an riga an yi la'asar, duka ya fara. Kofur ba shi da komai sai kulki. Ya ɓalla maɓallan rigarsa, ya ratsa taron, ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya dafa kafaɗar yayana.

"Wannan mutum na kama shi," in ji shi. "Daga yanzu yana hannun gwamnati. Wanda ya taɓa shi, gwamnati ya taɓa."

Mutane suka ja da baya. Da sun san gwamnatin nan kaf ɗinta shi ne a tsaye yana rawar ɗari, da ba su matsa ba. Ankwa ɗaya ce, sai ya haɗa yayana da ɓarawon akuya. Ban taɓa zaton zan ga ɗan uwana da ankwa in yi hamdala ba, amma ranar na yi, ina kuka.

Bayan 'yan kwanaki aka tsinci san a fadama ya kafe cikin taɓo, guntun igiyar da ya tsinke na wuyansa. Yayana ya dawo gida, sai dai hannunsa na dama ya mutu saboda daɗewa a ɗaure. Bai sake riƙe wuƙa ba har ya bar duniya.

Tun daga ranar ban ƙara fashin taron da za a roƙi gada ko ƙarin 'yan sanda ba. Manya da yawa sun gaji da ganina, ni kuwa ban gaji ba. Abin da na koya shi ne, kada mutane su bar rayukansu a kan ƙoƙarin mutum ɗaya, komai zuciyarsa. Kofur ya ceci ran yayana, amma hannunsa gada ce za ta cece shi, ita kuwa ba ta nan.